Abin da tsohuwar mota mai volt 6 ta koya mini

Na daɗe ina aikin wayarin mota kafin wata Austin Seven ta 1933 ta shigo hannuna. Ƙaramar mota ce ta Ingila, an ƙera irinta daga 1922 zuwa 1939. Mai ita bai nemi abu mai yawa ba, so yake ta yi wuta da kayanta na asali, kada a cusa mata na zamani sai inda ya zama dole. Na amsa da sauri, don a ganina wayoyinta ba su kai rubu'in na motocin yanzu ba.

Kuskurena na farko tun ranar farko na yi shi. Na ga wayoyin sun bushe, robar ciki tana marmashewa, zaren audugar da aka saƙa a kansu duk ya koma kalar ƙasa, sai na yanke su gaba ɗaya na tara a kwali. Maigidana, wanda a hannunsa na koyi sana'ar, ya zo ya ɗauki guntu ɗaya, ya buɗe wurin da maƙalin ƙarfe ya rufe shekara da shekaru. Ga launin asali nan raɗau, rana da mai ba su taɓa shi ba. Ya ce, "Yaro, taswirar motar ka yanka." Sati biyu na yi ina jera guntayen a ƙasa ina gano wacce ta tashi daga ina, ta bi ta ina. Tun daga ranar ba na kwance komai sai na ɗauki hotonsa, na auna tsawonsa, na ɗaura masa takarda.

Na biyu ya fi cin rai. Na sa wa batir sabuwar waya irin wadda nake sa wa motoci masu volt 12, sai sitata ta riƙa juyawa da ƙyar. Na ɗora mata laifi, na kwance ta har sau biyu, ban sami komai ba. Lissafin kuwa a fili yake: in an raba ƙarfin wuta biyu, sai yawan wutar da ke bin waya ya ninka kafin a sami aiki iri ɗaya. Rabin volt da ya ɓace a siririyar waya ko a mahaɗa mai tsatsa ba a jin sa a mota mai 12, amma a mai 6 shi ne bambancin tashi da ƙin tashi. Da na sa waya mai kauri, na kankare fenti da tsatsa a inda wuta ke komawa batir ta jikin ƙarfen motar, sitatar da na kusa yankewa hukunci ta juya kamar ba ta taɓa tsufa ba. Shi ya sa har yau ba na goyon bayan masu gaggawar mai da irin waɗannan motoci volt 12. Mafi yawan lokaci datti ne suke gudu, ba rashin ƙarfi ba.

Inda na fi daɗewa shi ne dinamo, na'urar da ke yi wa batir caji. Burushi uku gare shi, wato guntayen kabon da ke ɗebo wuta daga cikinsa, ba biyu ba, kuma babu na'urar daidaita caji irin ta yanzu. Burushi na uku shi ke ƙayyade yawan wutar da zai bayar: in ka matsar da shi ta inda cikin dinamon ke juyawa caji ya ƙaru, in ka mai da shi baya ya ragu. A gaban direba ma akwai makunni mai rabin caji da cikakken caji, na farko don lokacin zafi, na biyu don hunturu da ake yawan kunna fitila. Direban wancan zamani shi ne na'urar daidaitawar, idonsa na kan allurar amfiya, mai nuna yawan wutar da ke shiga batir ko fita. Irin wannan dinamo ba a barin sa yana juyawa babu batir a haɗe, don wutar za ta hau ta ƙone naɗin cikinsa. Kuma bayan an gyara shi sai an taɓa masa wutar batir na ɗan ƙiftawar ido, domin ya san ɓangaren da zai bi. Wannan ma sai an bincika tukuna, don ba kowace tsohuwar mota ce ke haɗa ɓangaren ragi (−) na batir da jikin ƙarfe ba. Ford Model A, alal misali, ɓangaren ƙari (+) ta haɗa.

Gane na asali kuwa karatu ne na ido da hanci. Kamfanin Lucas na Birmingham a Ingila, mai ƙera kayan wutar mota a wancan zamani, yakan buga lambar samfuri a jikin kayansa, sau da yawa har da wata da shekarar ƙira. Kayan da ya girmi motar da 'yan watanni yana kan hanya. Wanda ya zo bayanta da shekaru, ko da tsoho ne mai kyau, wani ne ya canza shi daga baya. Murfin bakalait na gaske, wato wata irin tsohuwar roba mai tauri, in ka goge shi da yatsa ya yi ɗumi, yana fitar da wani wari mai kama da na magani, robar zamani ba ta yin haka. Ƙananan sukurori ma suna magana, don haƙoransu na ma'aunin BA ne na Ingila. Wanda ya tilasta sukuru na milimita a ramin, ya lalata abin da ba a samun madadinsa cikin sauƙi.

Ban ce a riƙe komai don tsufansa ba. Kondensa, 'yar na'urar da ke taimaka wa fulogi samun tartsatsi, takan mutu a hankali, mota ta tashi lafiya da sanyi, ta mutu in ta yi zafi, don haka na sa sabuwa. Wayoyi ma sababbi na sa, masu rufin zamani a ciki da saƙar auduga a waje, da launukan da na gano a ƙarƙashin maƙalai. Na ƙara fiyus guda a ɓoye bayan na nemi yardar mai motar, domin jikinta akwai katako da yadi, kuma ba na son gobara ta ci abin da ya tsira daga yaƙin duniya na biyu. Madubin cikin fitila kuwa, mai siririn rufin azurfa, ban kai masa sanfefa ko man goge ƙarfe ba, auduga mai laushi kawai.

Abu na ƙarshe da na taɓa shi ne katawut, ɗan akwatin da ke raba batir da dinamo in inji ya tsaya. An ba ni shawarar in cire cikinsa in sa na lantarkin zamani. Na buɗe shi, na tarar naɗinsa lafiya lau, bakin mahaɗarsa ne kawai ya yi baƙi. Na goge, na daidaita tazarar, na mayar. Da muka tada injin muka ɗan ba shi wuta, sai muka ji ƙaramin ƙas daga cikin akwatin, allurar amfiya ta tsallaka zuwa ɓangaren caji ta tsaya a can.