Dandalin da Aristofanis ya yi wa manya ba'a

Ran Asabar na dawo daga Atina, babban birnin Girka, har yanzu ƙafafuna ba su huce ba. Yuro 30 ake biya a ƙofar Akropolis, dutsen da ke ɗauke da tsoffin gine-ginen birnin, da na lissafa da naira sai da gumi ya karyo min. Jama'a duk saman dutsen suka nufa, ni kuwa na tsaya a gindinsa ta kudu, a dandalin wasan kwaikwayo na Diyonisus, inda Aristofanis, marubucin zamanin da, ya riƙa nuna wasanninsa na barkwanci.

Kujerun sahun gaba na marmara ne masu majingina, an sassaƙa muƙamin mai kowace a jikinta. Wata dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta, ta ga ina ta leƙe, ta ce min bayan mutuwar Aristofanis aka yi su, a zamaninsa bisa katako ake zama. Na tambaya ko mutum-mutumin da ke bakin hanya nasa ne. A'a, na Menanda ne, wani marubucin wasan barkwanci da ya zo daga baya.

Ita ta ja ni shan gahawa, ta hana ni biya. Wasa kusan 40 Aristofanis ya rubuta, 11 suka tsira. A shekarar 424 kafin haihuwar Annabi Isa ya ɗauki Kiliyon, ɗan siyasar da ya fi kowa ƙarfi a garin, ya mayar da shi, cikin wani wasa, bawa maha'inci wanda mai tallan nama ya kayar a gasar ƙarya da cika baki. Mutumin yana raye, yana kan ganiyarsa, kuma wasan ya zo na ɗaya a gasar wasannin kwaikwayo! 'Yan kamanmu suna kwaikwayon malamai a yi dariya a watse, amma ban taɓa ganin wanda ya kai nan ba.

Sai dai ba'ar tana da dafi. A 423, cikin wani wasan, ya rataye masanin falsafa Sokratis cikin kwando, wai yana nazarin rana, makarantarsa kuma tana koya wa mutane dabarar cinye bashi. Na uku wasan ya zo, amma a 399, ranar shari'ar da aka yanke masa hukuncin kisa, Sokratis ya ambaci wannan ƙazafi. Na ce wa dattijuwar, "Mama, wannan ai zalunci ne." Ta ɗaga kafaɗa.

Washegari na hau jirgin ruwa daga Firiyas, tashar jiragen ruwan Atina, zuwa tsibirin Ijina. Fistashiyonsu, 'ya'yan wata bishiya masu kama da gyaɗa, da daɗi, da tsada. Wani direban tasi ya so ninka min kuɗi, na sauka na tafi a ƙasa.