Na gode jama'a, wasan 'yan tsana ya tashi lafiya

Alhamdulillah, an yi wasa an watse lafiya, wasan nan da nake sa hannu cikin 'yar tsana in yi magana kamar ita ke yi, ba tare da an ga leɓena na motsi ba. Tun daren jiya saƙonni ke ta shigowa, na ga ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi yasa na ce bari in yi godiyar a nan gaba ɗaya.

Godiya ta farko ga baiwar Allahn da ta haɗa min 'yan tsanan nan biyu, tsohon mai gemu da yarinyar nan mai tsiwa. Baiwar Allahn nan ita ta yanka soso ta manna ta ɗinke, ta yi ta gyaran bakin har sai da ya zauna daidai da hannuna, yatsu huɗu a sama babban yatsa a ƙasa, don haɓar ƙasa ce ya kamata ta riƙa motsi, in ta sama ce ke tashi sai kan ya yi ta wuntsilawa baya kowa ya gane hannu ne a ciki. Hajiya Allah ya saka da alheri, ya sa albarka a wannan sana'a taki.

Mai kula da sauti, na gode ƙwarai yayana. Murya uku ce ke fita ta makirfo ɗaya, amma ka daidaita ta yadda na can baya ma sun bambance tsoho da yarinya da ni.

Mutane da yawa sun tare ni suna tambaya wai ko akwai rikoda a ɓoye cikin 'yar tsanar. Wallahi babu, muryata ce, kuma ba jefa ta nake ko'ina ba, daga maƙogwarona take fita leɓena a ɗan buɗe ba motsi, harshe ne ke yin aikin a ciki. Idonku ne ya ga bakinta na motsi sai kunne ya bi ido. Wahalar tana wajen b da ɓ da m da f, don sai an haɗa leɓe suke fita, to sai ka sa d a gurbin b, n a gurbin m, ka wuce da sauri kafin a ankara. Nan ne abokina da muka rubuta wasan tare ya yi min babban aiki, ya zauna yana bin layi-layi yana canza duk kalmar da za ta tilasta min rufe baki, ba tare da barkwancin ya mutu ba. Shi ya nuna min bidiyon Darci Lynne, yarinyar da ta ci gasar America's Got Talent a 2017 tana da shekara 12, ya ce in lura yadda 'yar tsanarta ba ta taɓa sandarewa ko lokacin da ba ita ke magana ba, tana kallo tana gyaɗa kai. Wannan shawarar ta gyara min wasan sosai.

Mutanen gida da suka jure firaktis ɗina gaban madubi dare da rana, Allah ya biya ku.

Ku kuma da kuka zo kuka zauna, gaskiya kun faranta min. Lokacin da tsohon ya yi tambaya na ga kuna amsa masa kuna kallon fuskarsa, har wata ƙaramar yarinya a layin gaba ta tsaya musu da shi da gaske, sai da na danne hawaye. Masu tambayar bidiyo, ana kan tace shi, da ya kammala zan ɗora. Allah ya bar zumunci.