Yadda na yi asarar jinin wata biyu wajen ƙirga ɓurɓushin filatilet

Da na fara binciken digirina na biyu a kan jinin masu sikila, aikin da aka ɗora mini shi ne ƙirga ɓurɓushin filatilet. Filatilet su ne ƙwayoyin da ke toshe rauni don jini ya tsaya. Idan aka tsokane su, sai 'yan gutsattsari su riƙa ɓallewa daga jikinsu, kowanne bai wuce maikiromita 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Peter Wolf na Birmingham a Ingila, wanda ya bayyana su a 1967, ƙura ya kira su. Suna ingiza daskarewar jini, kuma sukan yi yawa a jinin masu sikila.

Wata biyu na yi ina tara samfura. A ɗebi jini da safe a asibiti, in jefa kwalabe a jaka, in hau adaidaita sahu zuwa ɗakin gwaji, wataran sai azahar nake isa. In juya shi sau ɗaya a injin wulwulawa, in kwashe ruwan sama, in kai firiza. Ranar da muka kunna na'urar fulo saitomita, wadda ke ƙirga ɓurɓushin, sai ga jinin masu lafiya, wanda muka ɗiba don kwatantawa, cike da ɓurɓushi kusan kamar na marasa lafiyar. Malamina ya daɗe yana duban allon kwamfuta.

"Sau nawa kika juya?"

"Sau ɗaya, Malam."

"To, a cikin kwalba aka haifi waɗannan, ba a jikin mutum ba."

Filatilet ɗin da suka saura a ruwan jini, da sun ƙanƙare sun narke sai su farfashe, na'ura kuwa ba ta san na jiki da na kwalba ba. Jijjigar hanya da jinkiri ma sun ƙara nasu.

Muka koma kan tsarin ƙungiyar ISTH ta masana daskarewar jini. Allura mai lamba 21, robar ɗaure hannu ba a tamke ta, mililita 2 zuwa 3 na farko a zubar, sauran a kwalba mai shuɗin murfi, mai sitiret (sinadarin hana jini daskarewa) kashi 3.2 cikin ɗari. Kwalabe a tsaye, kuma kafin awa 2 a juya su a ƙarfin juyi na 2,500 g na minti 15, ba a taka wa injin birki. Nan ne hannu ke aiki. Tsakanin jajayen ƙwayoyi da ruwan ɗorawa na sama akwai wani siririn farin layi. Da bakin bututu ya kusance shi, an kwaso filatilet. Na koyi barin kamar santimita guda a samansa, ko da ina ganin asarar ruwan. Sai a sake juyawa a sabuwar kwalba, sannan firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili.

Aikin na'ura ya fi sauƙi. CD41, wata alama da ke jikin filatilet, ita ke shaida cewa gutsuren na filatilet ne. Annexin V kuma, sinadarin da ke manne wa ɓurɓushin don a gan shi, ba ya kamawa sai da kalsiyam, wanda sitiret ya riga ya ɗaure, don haka dole a mayar da shi. Ƙananan ƙwallayen awo na Megamix masu maikiromita 0.5 da 0.9 da 3 ke shata iyakar girma. A ƙarshe nakan zuba Triton X-100, wani sinadari mai kama da sabulu: ɓurɓushi na gaske narkewa yake yi, abin da ya rage datti ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne komawa wajen iyayen yaran. Yaron da jininsa bai ishe shi ba, an soke shi, ga shi jinin ya tafi a banza. Na faɗa musu gaskiyar abin da ya faru. Wasu suka ce ya isa haka, ban ga laifinsu ba. Wata uwa ta yi shiru, sannan ta naɗe wa ɗanta hannun riga ta ce, "Ɗiba, 'yata, amma wannan karon ki kula da shi."