Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Muzurun da ba ya magana

A makon jiya na tsaya ne a inda Baba ya mayar da mu Tudun Wada. To, a nan na haɗu da Tom, muzurun nan na katun ɗin Tom da Jerry.

Gidanmu babu talabijin. Ta maƙwabcinmu muke kallo, baƙi-da-fari, cikin akwatin katako mai ƙofa biyu. Da an taso Islamiyya sai mu tara silifas a bakin ɗaki, mu jeru kan tabarma, muna addu'ar kada a ɗauke wuta. Duk yaran layin ɓeran nan Jerry suke so, saboda wayonsa. Ni kaɗai ke bayan Tom. A maka masa kasko, a datse masa wutsiya da ƙofa, ya miƙe ya karkaɗe jiki ya sake bin sawu. Akwai ranar da na yi masa kuka na gaske. Bangon littattafaina kuwa duk zanensa ne, har Yaya takan ce, "Kai dai Allah ya shirye ka, ka rasa abin so sai kyanwa."

Sai da na girma na san cewa William Hanna da Joseph Barbera ne suka ƙirƙire shi a Amurka a 1940, Scott Bradley kuma shi ke tsara kiɗan. Wannan sunan na ƙarshe ya fi tsaya mini a rai. Tom ba ya magana sai jefi-jefi. In yana sanɗa, igiyar kiɗa ake tsinka a hankali, taku bayan taku. In ya gangaro daga bene, fiyano ce ke gangarowa da shi. Ashe tun ina kan tabarmar nan kunnena ya koyi jin labari ba tare da kalma ba.

Shekaru suka ja. Wata rana a shagona na gyaran rediyo a Sabon Gari, wani ɗalibi daga Samaru ya kawo sifika. Da na gama, ya jona wayarsa don gwaji. Wani sauti ya fito, siriri, a natse, yana zagayawa kamar mai tafiya cikin rairayi da asuba. Na ajiye ƙarfen narka dalma.

"Baba, Mamman Sani ne, mutumin Nijar," in ji shi.

Da wani abin kiɗa mai lantarki yake kiɗan, mai maɓallai kamar fiyano, ƙirar kamfanin Orla na Italiya. A 1978 ya naɗi kasetinsa a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai, aka riƙa sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye shekara da shekaru. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi, duniya ta ji. Abin ya taɓa ni ƙwarai: mutum ya ɗauki muryar makiyaya da ta mutanen hamada ya zuba cikin inji, shi kaɗai, kuma nan kusa da mu.

Tela maƙwabcina har yau cewa yake, "Malam, yaushe za a fara waƙar?" Shi Shata ya sani, kuma ban ga laifinsa ba. Ni dai a daren nan na kwana ina saurare, da safe na ciro tsohon zanen Tom daga adakar Inna na manna shi saman teburin aiki.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda na tara kuɗin motar Maraɗi.