Kallabi ya rufa mini asiri, ya ci mini shekara uku

Girata ce ta fara tafiya, ba gashin kai ba. Ina da shekara 52, al'ada ta ɗauke mini da kamar shekara guda, sai na lura wutsiyar girar hagu ta yi shara-shara. Na ɗauki kwalli na ja layi, na ce tsufa ne ya yi sallama.

Makitsiyata ce ta fara faɗa mini gaskiya. Ƴar unguwarmu ce a nan Tawa, ta kai shekara goma tana yi mini kitso. Wata Alhamis na kwantar da kai a cinyarta, ta ja tsaga, sai na ji hannunta ya tsaya. Ta ce, "Tanti, goshinki ya ƙara faɗi. Inda nake kamawa bara, yanzu babu abin kamawa. Wurin sumul yake, har ya fi fuskarki haske." Na ce mata kitso na zo yi, ban zo duba ba, ta ƙara ja baya ta kama. Na tashi na ɗaura kallabi na sauko da shi har kusa da ido. Haka na ɗaura shi shekara uku, ko maigida bai ga goshina da rana ba.

Ƴaƴana, zubewar gashi iri biyu ce, rashin sanin haka shi ya cuce ni. Akwai wadda kuka sani, ta bayan haihuwa, ko bayan zazzaɓi mai tsanani, ko ta ƙarancin jini. Gashi ya zuba a mataji har ki tsorata, amma saiwar tana da rai, bayan ƴan watanni ya dawo. Ko mai lafiya ƙalau tana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. Ta biyun ita ce mai tabo. Garkuwar jiki ce take juyowa kan ramin da gashi ke tsirowa, kumburi ya cinye ƙwayoyin da ke haifar da sabon sili, tabo ya toshe ramin. Mu ƴan Adar mun san fako. Amma fakon gona da sauƙi, mun ga yadda aka farfaɗo da shi wajen Keita, a haƙa rabin wata, a zuba taki, ruwa ya tsaya, ciyawa ta fito. Fakon kai ba ya farfaɗowa, don iri ne ya mutu a ciki. Abin da ake iya cetowa shi ne gefen da wutar ba ta kai ba.

Ni kuwa taki na yi ta zubawa a kan fako, wuta tana ci a gefe. Man kaɗe, man shanu, man habbatus sauda, karkashi, babu wanda ban shafa ba. Waɗannan ba su cutar da ni ba, lokaci kawai suka ci mini. Tafarnuwa ce ta yi mini illa. Wata ta ce in daka ta in ɗaure a goshi in kwana. Cikin dare na farka kamar an ɗora mini garwashi, da safe fatar ta tashi ta yi ruwa, na yi mako biyu ina jinyar ƙuna a kan ciwo. Duk tsawon lokacin nan bakin gashin yana ƙaiƙayi, yana zafi, gindin kowane sili da ɗan ɓawo fari kewaye da shi. Na ce amosani ne. Ashe wutar ce take nuna mini inda take ci.

Akwai abin da na fi jin kunyarsa. Na zargi abokiyar zamana. Ban furta ba, amma na daina barin matajina a tsakar gida, na riƙa ƙone gashin da ya zuba, na kashe jakkuna wajen masu ba da taimako. Baiwar Allah ta ga na canza mata, ba ta san laifinta ba. Na nemi gafararta daga baya, ta yi dariya ta ce da ta iya wannan aikin da kanta ta fara gyarawa, don nata goshin ma kitson ƙuruciya ya cinye shi.

Asirina ya tonu a Yamai, da na je wankan jegon ɗiyata. Ina alwala na ture kallabi zan yi shafar kai, ta fito daga ɗaki. Ta ce, "Inna, tun yaushe?" Kashegari ta sa ni gaba sai wajen likitan fata. Ya duba bakin gashin da wani ɗan madubi mai fitila, ya nuna wa ɗiyata silin gashi ɗaya-ɗaya da suka rage tsaye can gaba su kaɗai, inda iyakar gashina take a da. Ya sa aka auna jini don duba ƙarfin jini da maƙoƙo, ya kashe wurin da allura ya yanki ƴar fata, ba ta kai ƙwayar wake ba, aka kai bincike.

Da Faransanci suna ce wa ciwon alofesi furontal fiburozant, wato sanƙon goshi mai tabo. Wani likita a Ostareliya, Stiben Kosad, shi ya fara bayyana shi a 1994, a jikin mata shida da duk al'ada ta ɗauke musu. Har yau matan da suka wuce al'ada ya fi kamawa, kuma sau da yawa gira ce ke fara zuba. A baƙar fata yakan zo da duhu-duhu a fuska ko wuya. Yana da ɗan'uwa da ya fi shi yawa a cikinmu baƙaƙen mata, wanda ke farawa daga tsakar kai yana faɗaɗa kamar an ɗiga mai a zane. A da ana ɗora laifinsa duka a kan matajin wuta, sai a 2019 bincike ya nuna akwai gado a cikinsa ga wasu. Idan mahaifiyarki ko innarki tsakar kanta ta buɗe, ki sa ido a naki. Akwai kuma wanda muke jawo wa kanmu da ɗaurarren kitso da nauyin gashin doki. Shi da farko yana warkewa idan an sassauta, sai an daɗe ana ja yake zama tabo. Mun taso ana ce mana kitso sai da zafi. Ƙarya ne. Kitson da ya hana ki barci ko ya fito miki da ƙuraje a bakin gashi, ki kwance shi a daren, kuɗin da kika biya sun tafi, su tafi.

Likitan ya ce, "Hajiya, abin da ya tafi ba zan dawo miki da shi ba. Wanda ya rage za mu tsare." Ya yi mini allurai ƙanana na tiriyamsinolon a bakin gashin, ana maimaitawa bayan mako huɗu zuwa shida. Ya rubuta mini man kulobetazol da ƙa'idar kwanakin shafawa, da ƙwayar idiroksikulorokin, ƴar'uwar nibakin, maganin zazzaɓin da muka sha muna yara, ya ce sai ana duba mini ido lokaci-lokaci don tana iya taɓa gani. Wasu ana ba su doksisikilin, wasu finasterid ko dutasterid, waɗanda mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan su don suna illa ga ɗan tayi. Kulobetazol ɗin nan kuwa shi ne a cikin wasu mayukan bilicin da ake sayarwa a tire a kasuwa. Kada wadda ta karanta wannan ta je ta saya ta yi ta laftawa, yana sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana.

Kuna tsammanin na yi hankali? Wata huɗu ina shan magani, ƙaiƙayi ya tafi, zafi ya tafi, amma ko sili ɗaya bai tsiro ba. Hanyar Tawa zuwa Yamai ta fi kilomita 500, Ƙonni, Dogon Dutse, Doso, ga kuɗin mota ga ciwon baya. Na ce maganin banza ne, na ajiye. Likita ya faɗa mini da bakinsa cewa aikin maganin tsayarwa ne, kunnena ya ji, zuciyata tana jiran gashi. Bayan wata takwas na koma, ya sa ma'auni daga tsakanin gira zuwa bakin gashi, ya gwada da abin da ya rubuta a baya. Na ƙara rasa faɗin yatsa guda. Bai yi mini faɗa ba, ya juyo da takardar kawai ya nuna mini lambobin biyu.

Na tambaye shi dashen gashi, ya ce ba a ma maganarsa sai ciwon ya kwanta shekara ɗaya ko biyu, kuma ko an dasa yana iya sake zubewa. Na bar zancen.

Yanzu shekarata 59. Duk farkon wata jikata tana ɗaukar hoton goshina da tsakar kaina da waya, a bakin ƙofa ɗaya, da hasken safiya, mu gwada da na watan jiya. Shekara biyu ke nan iyakar ba ta motsa ba. Makitsiyar nan tawa har yanzu ita ke mini kitso, manya guda shida, sakwa-sakwa, ba ta taɓa bakin gashin. Ran nan ta ce mini ta tura mata biyu Yamai, ɗaya ta je, ɗayar ta ce sai bayan Sallah.