Sauri, sauri, sannu, sannu

Bayan sallar Isha'i, idan yara sun yi barci, ni da Baban Ummi mukan ja teburin falo mu jingine shi da bango, mu naɗe kafet, mu tsaya fuska da fuska kamar 'yan dambe. Wata na uku ke nan. Rawa muke koyo, ta mutanen Texas da ke Amurka, wadda suke kira two-step, wato taku biyu, ko da yake ni duk lissafin da na yi huɗu nake samu.

Likita ne ya jawo mana. Ya ce wa maigidan sukarinsa ya fara hawa, dole ya riƙa motsa jiki. Ya yi sati biyu yana zagaya Filin Sukuwa da asuba, hunturu na shigowa ya koro shi gida. Sai ƙanena da ke aiki a Houston ya turo min bidiyo ta WhatsApp: wani dattijo da malafa da matarsa, suna zagaya fili a hankali kamar masu tafiya kan ƙwai. A ƙasa ya rubuta, "Yaya, ku gwada wannan, ai maigidanki dama ɗan hannu ne a kiɗan." Gaskiya ya faɗa. Tun ina amarya nake shan waƙoƙin Don Williams da Jim Reeves, mawaƙan Amurka masu irin kiɗan da ake wannan rawa da shi, a motarsa, daga zamanin kaset ɗin da yake saya a Sabon Gari har zuwa yau da suke cikin waya.

A baki abin ba wuya. Taku huɗu ne: biyu gajeru masu sauri, biyu masu jinkiri. Mai sauri bugun kiɗa ɗaya yake ci, mai jinkiri biyu, jimla shida. Namiji ya fara da ƙafar hagu yana gaba, mace ta fara da dama tana baya. Ba a haɗe ƙafafu, kowace wuce 'yar'uwarta take yi kamar a tafiya. Hannunsa na dama a allon kafaɗata ta hagu, nawa na hagu a damtsensa, sauran biyun a riƙe. Ana zagaya fili saɓanin yadda hannun agogo ke juyawa. Mun mayar da ƙirgar Hausa: sauri, sauri, sannu, sannu.

Inda gizo ke saƙar shi ne kiɗan huɗu-huɗu yake tafiya, takun kuma shida-shida. Sai an yi bugu goma sha biyu kafin su sake haɗuwa a mafari ɗaya. Ni kuwa kunnena da kalangun biki ya saba, duk inda ganga ta sauka da ƙarfi nan ƙafata ke son farawa. Sati biyu cur ina yanke "sannu" ta biyu don in cim ma kiɗan, shi kuma yana taka min babban yatsa. Ashe jiran nan na bugu ɗaya, ƙafa ɗaya na ɗauke da nauyi ɗayar na tahowa a hankali, shi ne rawar gaba ɗaya.

Sai maganar ja da baya. Wannan ta fi ba ni wahala, kuma ba laifin ƙafa ba ne. Shekara goma sha tara ni nake tsara gidan nan, daga cefane har kuɗin makaranta, sai ga shi an ce in tafi da baya ban ga inda na dosa ba, in jira tafin hannun wani ya gaya min. Kullum ina waiwaye, ina jan sa, ina juyawa kafin ya ɗaga hannu. Wata rana ya tsaya cak ya ce, "Maman Ummi, wai direba nawa ne a motar nan?" Na ce ai direban ne ya kai ni ga firij jiya. Shi ma da nasa: yana riƙe ni sako-sako kamar mai tsoron karya ni, alhali idan hannu ba shi da ɗan tauri babu saƙon da ke isowa. Ranar da ya daidaita riƙonsa, ni kuma na rufe ido, muka zagaya falon sau uku ba karo.

Takalmi ma ya ba mu aiki. Can filayen rawarsu na katako ne, irin zauren rawa na Gruene da ke Texas, wanda aka gina tun 1878 kuma har yau ake rawa a cikinsa, takalman nasu kuma ƙasan fata ne mai sulɓi, domin ƙafar jan ta ake yi ba ɗagawa ba. Mu tayil gare mu. Silifas na roba yana cijewa, kuma da ka ja da baya sai ya zare ya bar ka. Na gwada safa, na zame na zauna daɓas, na kwana biyu ina shafa man zafi. Daga ƙarshe shumekan bakin layinmu ya manna wa tsofaffin sau-cikinmu fata a ƙasa. Zani kuwa na haƙura da shi, yana ɗaure taku, doguwar riga mai faɗi nake sawa.

Ba inda za mu je da rawar nan, kuma ba ma nema. A Kano mata da miji ba sa fita fili su riƙe juna, ni ma ba zan so a gan ni ba. Amma an gan ni. Satin da ya wuce Hajiyarsa ta zo ta kwana biyu, muka ɗauka ta yi barci, muka rage sauti. Muna tsakiyar juyi sai ga ta a bakin ƙofa da buta a hannu. Na fizge hannuna na durƙusa, kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta dube shi, ta dube ni, ta dubi kafet ɗin da ke naɗe.

"Ikon Allah. Kokawa kuke yi?"

"A'a Hajiya, likita ne ya ce in riƙa motsa jiki."

"Ita ma likitan ne ya ce?"

Ba wanda ya amsa. Ta wuce ta yi alwalarta, da za ta koma ɗaki ta ce a ƙara sautin kaɗan, wannan mai babbar muryar marigayi Malam ma yana saka shi.