Uwa da Goyonta a Zanen Fensir

Asabar, Agege, Legas.

Yau da la'asar ɗan yayata, wanda yake karatun zane-zane a Kwalejin Fasaha ta Yaba, ya zo da wata farar takarda a naɗe, ya ce, "Gwaggo, ki duba mini wannan kafin malaminmu ya gani." Zanen wata mai sayar da tumatir ce a kasuwar Mile 12, tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ɗanta kuma yana goye a bayanta yana sharar barci.

Fuskar uwar ta yi kyau, amma ba ita ce ta riƙe ni ba. Abin da ya riƙe ni shi ne nauyin yaron, domin duk macen da ta taɓa goyo ta san cewa yaro yana ƙara nauyi da zarar barci ya ɗauke shi, kuma ɗan yayata ya kama wannan da fensir kawai. Kan jaririn ya langaɓe gefe guda, kumatunsa ya matse a jikin uwar har bakin ya ɗan buɗe, ƙafa ɗaya ta zubo daga ƙarƙashin majanyi. Ita kuwa uwar ta ɗan duƙa gaba, ƙullin zaninta ya ɗame a ƙirji, kamar yadda muke yi ba tare da mun sani ba.

Na tambaye shi yadda ya samu duhu da haske alhali babu launi ko ɗaya. Ya ce bakin fensir haɗin wani baƙin ma'adini mai suna girafayit ne da yumɓu, dabarar da wani Bafaranshe mai suna Conté ya fito da ita a 1795, kuma gwargwadon yawan yumɓun gwargwadon taurin fensirin. Da fensir mai tauri mai lamba 2H ya ja siraran layukan gashin yaron, da mai laushi mai lamba 6B ya cika inuwar da ke ƙarƙashin majanyin, hasken goshin kuwa takardar ce kawai ya bari fara.

Wuri ɗaya ne ban yarda da shi ba, wato hannuwan uwar, waɗanda ya yi su sumul tamkar na amaryar da ba ta fara girki ba. Na ce masa, "Ɗana, wadda take wuni tana ɗaga kwandon tumatir ba ta da irin wannan hannu." Ya ɗan yi gardama, ya ce malaminsu ba ya son layuka su yi yawa, amma kafin a kira sallar magariba ya nemi in ajiye masa hannuna a kan tebur domin ya ga yadda jijiyoyin suke kwance.